Farfelar Baba Tanko

Shafi na 14

Masu turo mini "ina ci gaba, ina ci gaba" tun kafin in wanke ido, to ga shi nan, ku sarara mini. Ba rowa ba ce, wayar ce ta ƙi caji. Ke kuma da kika rubuto cewa Habibu ya cika sanyi, wai da ke ce matarsa da tuni kin yi yaji, matso ki karanta na yau. In kin gama sai ki gaya mini wanne ya fi.

*

Wanda ya shigo mana yau, Habibu bakanike ne na injin jirgin ruwa. Rumfarsa na bakin ruwan Yauri, dab da inda mata ke kasa banda. Hannu kam Allah ya ba shi. Injin da ya kwana a ƙasan ruwa, in Habibu ya buɗe cikinsa sai ya yi tari ya tashi. Abin da bai samu ba shi ne bakin cewa "ba ni kuɗina".

Ga shi yanzu bakin nan yake nema ido rufe.

Matarsa Ladidi na da tsohon ciki, na fari, bayan shekarun da aka kwashe ana jira ana shan jiƙe-jiƙe. A wajen awo ma'aikaciyar jinya ta ja Habibu gefe ta ce ɗan ya kwanta a gicciye. Kada a kuskura a bari ta haihu a gida. A kawo ta asibiti da wuri, a zo da kuɗi a hannu, don mai yiwuwa sai an yi mata aiki. Ladidi kuwa tana can gungu, tsibirin iyayenta da ke tsakiyar ruwa, an ɗauke ta goyon ciki kamar kowace mai cikin fari. Habibu ya bari ta tafi a kan zai ɗauko ta kafin watanta ya kama. Watan ya matso, kuɗin ne ko ƙyallinsa babu.

Ba wai ba shi da kuɗi ba fa. Yana da su, a aljihun mutane.

Tun Asabar yake bin bashi ƙafa da ƙafa. Wanda ya ce masa "sai ruwa ya ja" a bara, bana cewa ya yi "sai ruwa ya kawo". Wani ya yi ta rantsuwa har da ƙwalla, Habibu na juyawa ya hango shi a gaban mai tsire. Shi kuwa wani mai jirgi, Audu, yana hango Habibu tafe, tsalle ɗaya ya faɗa jirgi ya fizgi igiyar inji, sai da ya yi nisa sannan ya ɗago hannu bibbiyu.

"Habibu! Injin nan lahiya lau yake! Allah shi yi albarka!"

Da injin da ya gyara aka guje masa. Ya tsaya a gaɓa yana sauraren ƙarar, har ya kama kansa yana jin daɗin yadda take fita sumul babu tari. Kai, Habibu!

Abin da ya tara a makon nan gaba ɗaya ko kuɗin jini leda ɗaya bai kai ba, sai wata kaza mai ɗingishi da aka ba shi a madadin kuɗin fulogin inji.

To su bakanikan bakin ruwa suna da hanyarsu. Ba sa kai mai jirgi wurin 'yan sanda, ba sa zagi. Sifana kawai suke ɗauka su kwance farfela, fankar nan ta ƙarfe da ke gindin inji tana tura ruwa, su kai ta rumfa su rataye. Jirgi in babu farfela katako ne kawai. Kafin a kwana biyu mai shi zai zo da kuɗi ko da na aro ne. Tun da Habibu ya kafa rumfa bai taɓa yi wa kowa haka ba. Yau da safe ya jefa sifana a jaka, ya hau jirgin haya na Usman zuwa gungu.

Can babban bashinsa yake, wurin Baba Tanko, tsohon masunci kuma abokin marigayi mahaifinsa. Bara Habibu ya tsage masa inji gaba ɗaya, fistin, ringi, giya, duk ya sa sababbi. Kayan ma da bashi ya karɓo su a shagon Yusuf mai kayan inji, ya yi ta biya daga aljihunsa har ya gama. Kuɗin Baba Tanko kaɗai sun isa a kwantar da Ladidi a asibiti.

A gungun nan kaf jirgi biyu ne masu inji, na Usman da na Baba Tanko. Sauran duk ƙananan kwale-kwale ne na filafili.

Ya fara biyawa ta gidan surukai. A ƙofar gida ya tsugunna ya gaida kowa kansa a ƙasa, sannan aka turo masa Ladidi. Ta fito tana dafa bango, ƙafafunta a kumbure.

"Ka rame," ta ce.

"Ke kuma kin kwashe ƙibar duka."

Ta yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi. Ta kai hannu ƙugu.

"Mi ne ne?"

"Bayana ke ɗan riƙewa tun asuba. Iya ta ce haka tsohon ciki yake."

"Zama ne ya yi miki yawa. Ki daure, cikin satin nan zan taho in ɗauke ki."

"Ka samu kuɗin?"

"Za a samu."

Ta dubi jakar da ke kafaɗarsa, ta dube shi.

"Habibu, kada ka yi rigima da Baba Tanko don ni."

"Wa ya ce miki rigima zan yi?"

Ya iske tsohon a bakin ruwa, zaune a inuwar jirginsa yana ɗinkin koma, ragarsa ta kamun kifi. Ƙafa ɗaya a miƙe, ya saƙale komar a babban yatsa.

"A'a, maraba da Habibu. Kun ƙetaro lahiya?"

"Lahiya lau, Baba. Ya ruwa?"

"Ruwa sai godiya. Kihin ne dai ya yi mana yaji. Ka gano ɗiyar tamu?"

"Na gano ta."

Habibu ya tsugunna. Ya tsinci wani tsinke ya karya. Ya sake tsintar wani. Maganar da ya kwana yana shiryawa ta bi ruwa, sai da ya yi gyaran murya sau biyu.

"Baba, maganar kuɗin aikin nan ce ta kawo ni."

Hannun tsohon bai tsaya ba.

"Wane aiki?"

"Na inji, Baba. Na bara."

"Ka yi magana da Inna?"

"Wace Inna?"

"Innarka."

"Mi ya haɗa Inna da inji?"

"Ka tahi ka tambaye ta."

Wallahi da zaginsa Baba Tanko ya yi da ya fi masa sauƙi. Mako guda ke nan kowa na tura shi wani wuri. Wannan ya ce sai ɗansa ya dawo, wancan ya ce sai dillalin kifi ya sallame shi. Yau kuma har an kai ga tura shi wurin uwar da ta haife shi. Wata gajiya ta sauko masa tun daga wuya har gwiwa.

"Baba, ban taho wasa ba. Matata asibiti za a kai ta."

"Na sani."

"To a ba ni ko rabi ne."

"Habibu, da ina da shi ba sai ka ƙetaro ruwa ba. Man da nike sha in kai jirgi inda kihi yake ya hi kihin tsada. Ka dubi kwandon can."

Habibu bai duba ba. Ya san in ya duba zai tashi ya tafi hannu biyu, ya ƙara da ba da haƙuri. Ya miƙe, ya naɗe ƙafar wando, ya zaro sifana daga jaka ya shiga ruwa.

Matan da ke wanke-wanke suka tsaya. Wani mai gyaran gora ya ajiye wuƙarsa. Kowa a bakin ruwan nan ya san ma'anar bakanike ya nufi gindin inji da sifana ba a kira shi ba.

"Innalillahi," wata tsohuwa ta ce. "Ɗan wa nike gani haka?"

"Ku bar shi," in ji Baba Tanko. "Haƙƙinshi yake bi."

Habibu ya ɗaga injin, ya zare ɗan ƙarfen da ke tare noti, ya ɗora sifana ya murɗa. Notin ya ƙi. Duk murɗawar da ya yi sai farfelar ta juya tare da shi. Zufa na shiga masa ido. Ya sake dannawa, sifanar ta zame, saura kaɗan bakin farfela ya tsarge masa yatsu.

Sai ya ji motsin ruwa a bayansa.

Baba Tanko ne ya shigo har gwiwa, da guntun katako a hannu. Ya soka shi tsakanin fukafukan farfelar ya danne da ƙarfinsa.

"In ba ka tare ta ba yanke ka za ta yi. Murɗa yanzu."

Habibu ya murɗa. Notin ya saki.

Tsohon ya tsura wa sifanar ido. Tsohuwa ce, kanta ya cinye, an naɗe mariƙinta da robar taya.

"Har yanzu wagga sifana na nan?"

"Tana nan."

"Ta yi ƙarko," ya ce, ya gyaɗa kai.

Shi da kansa ya fita ya ɗauko buhu, ya karɓi farfelar ya naɗe ta, ya miƙa wa Habibu da hannu biyu.

"Kada ka jefa ta ƙasa, bakin na lanƙwashewa. Ka gaida Inna."

Habibu ya so ya ce "kwana biyu kawai, Baba". Ya so ya ce wani abu ko mene ne. Sai kawai ya saɓa buhun ya wuce ta tsakiyar mutane, babu wanda ya ce masa sauka lafiya.

A hanyar dawowa ya zauna can ƙarshen jirgi ya rungume buhun, ya jingina kai da katako. Usman sarkin surutu bai ga alamar komai ba, bakinsa ya yi ta zuba. Tsadar mai, ciyawar da ta rufe mashiga, matar da ta hau jirginsa da akuya ta ƙi biyan kuɗin akuyar.

"Ni yau ma ba ni komawa gungu," ya ce yana ɗaga murya saboda ƙarar inji. "Na samu lodin albasa zuwa Wara. Can zan kwana, sai gobe in Allah ya kai mu."

"Allah shi ba da sa'a," Habibu ya ce, idonsa a rufe.

Maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

*

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya shiga gida. Inna na zaune a tabarma tana tsince shinkafa a faifai. Tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ɗan fari ne, kunya ta hana. "Kai" take ce masa, ran da ranta ya yi fari ta ce "mai rumfa".

Ya ajiye buhun a gindin bango. Duk da lallaɓawar da ya yi sai da ƙarfen ya yi ƙara.

"Kai, mi ne ne wanga?"

"Kayan aiki ne."

"Kayan aiki rumfa suke kwana. Buɗe in gani."

Ya buɗe. Inna matar masunci ce, ba sai an yi mata bayani ba. Ta ajiye faifan a hankali.

"Ta wa ce?"

Ya hau naɗe bakin buhun.

"Da kai nike. Ta wa ce?"

"Ta Baba Tanko."

Inna ta dafe ƙirji. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, leɓɓanta kawai ke motsi.

"A gaban mutane?"

"Inna, bashi nike bin shi. Shekara guda. Na tambaye shi ya ce in taho in tambaye ki. To ga ni, na tambaye ki."

"Ba ka bin shi ko kwabo."

"Ban gane ba."

"Bandar da kake ci da tuwo duk wata, daga sama take faɗowa?"

"Wannan ai gaisuwa ce yake aiko miki."

"Gaisuwa ce, biya ce kuma. Haka munka saba tun kana cikin zane, mai kihi da kihi yake biya. Da azumi ya taho da kanshi da kwando guda, ya zauna nan inda kake tsaye, ya ce ruwa ya ɓaci, a yi mishi haƙuri da sauran. Na ce ya tashi ya tahi, an yahe."

Habibu ya sulale ya zauna a kan turmi.

"Kin yahe?"

"Na yahe."

"Kuɗina, Inna? Da bakin wa?"

"Da bakin da na tauna maka abinci da shi."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya sa fuska cikin tafin hannu. Hannun duk baƙin mai, bai damu ba.

"Inna, na gaji. Wallahi na gaji. Kullum tun asuba ina tsugunne cikin mai da laka, bayana ba ya miƙewa sai na dafa bango. In inji ya mutu, Habibu ɗan albarka ne. In ya tashi, Habibu ya cika naci. Ni ke cin bashin kaya, ni ke biya, ni ke bin mutane ina ba su haƙuri a kan kuɗina. Yau na zubar da mutuncina a gaban gungu guda, ashe a cikin gidanmu anka riga anka kashe maganar. Asibiti ba su karɓar banda, Inna!"

"Wane asibiti?"

Ya ɗago. Sai a lokacin ya tuna bai taɓa gaya mata ba. Ya ɓoye don kada hawan jininta ya tashi.

"Ɗan ya kwanta a gicciye. Sun ce kada ta haihu gida. Sun ce ƙila sai an yi aiki."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin a ɗauke ta."

"Ka bari anka ƙetara da ita ruwa, ka yi shiru?"

"In ce mi? In hana iyayenta al'adarsu, alhali ko kuɗin gado ba ni da shi?"

Inna ta daɗe tana kallon shinkafar da ke faifai. Kazar nan mai ɗingishi ta lallaɓo tana tsattsaga a gefe, babu wanda ya kore ta.

"Miƙo min sifanar da ka kwance ta da ita."

"Inna, don Allah..."

"Miƙo."

Ya zaro ya ba ta. Ta juya ta a hannu, ta shafa robar da ke mariƙin.

"Wa ya saya maka wagga?"

"Kawu Gidaɗo. Da akwatin kayan aikin gaba ɗaya, ran da ogana ya sallame ni."

"Wa ya biya kuɗin koyon aikin?"

"Shi ne dai."

"Gidaɗo?" Inna ta yi tsaki mai tsawo. "Gidaɗon da ke raba goro ɗaya gida huɗu ya ajiye uku? Ƙanena ne, na hi ka saninshi. Ɗauko akwatin kawai ya yi ya kawo, ya tsaya ya sha godiya."

"To wa..."

Bai ƙarasa ba. Idonsa ya tafi kan buhun da ke gindin bango.

"Jirgi ɗaya sunka haɗa kuɗi sunka saya, shi da mahaihinka," Inna ta ce. "Taru ɗaya suke ja. Da mahaihinka ya kwanta ciwon da bai tashi ba, hannunka ya kama ya sa cikin na Tanko. Kai ba ka tunawa, majina ke hancinka. Da ka isa koyon sana'a ka ce kai inji kake so, ba ni da ko tsinke. Tanko ya sai da tarun nan. Shekarar da kihi ya yi albarka, kowa na cika jirgi, shi ya koma ɗan ƙwadago a jirgin wasu. Da kuɗin anka biya oganka, da sauran anka sayi akwati."

"Don mi ba a gaya min ba?"

"Shi ya hana. Ya sa na yi mishi alkawari. Ya ce in ka sani ba za ka iya kallon idonshi ka yanka mishi kuɗin aiki ba. Shina so ka tashi da ƙafarka, ba kana sunkuyar da kai duk inda ka gan shi ba."

Habibu ya tuna shaddar da yake ɗinka wa Kawu Gidaɗo duk Sallah, Kawun na karɓa yana cewa ai yi wa kai ne. Ya tuna tsohon nan tsaye cikin ruwa har gwiwa yana kallon sifana.

"Inna," ya ce. "Shi ya riƙe min katako."

"Mi?"

"Notin ya ƙi kwancewa. Shi ya shigo ruwa ya tare min farfelar, wai kada ta yanke ni. Shi ya ba ni buhu."

Inna ta juya fuska gefe ta ja bakin mayafi ta goge ido. Shi kuwa bai ɓoye nasa ba, ya bar su suna sauka suna wanke baƙin man da ke kumatunsa. Kunya ce ta kama shi, irin wadda ko wanka ba ya fitar da ita.

Can ya share fuska da hannun riga.

"Na ji, Inna. Na yi kuskure. To Ladidi fa? Da mi zan kai ta?"

Ya jira ta ce Allah zai kawo, kamar yadda ta saba. Ba ta ce ba.

"Ban sani ba," ta ce a hankali. "Da na san halin da yarinyar ga take ciki, da na gaya maka tun da azumi ka nemi wata hanya. Ni na rufe nawa, kai ka rufe naka, ga inda munka iso."

Iska ta taso ta kwashi ƙaiƙayin shinkafa ta watsa a tsakar gida. Gabas ta yi baƙi ƙirin, hadari ne ke haɗuwa. Inna ta ɗaga kai ta duba, ta jawo faifanta.

"Gobe jirgin farko za ka bi. Ka mayar mishi da abinshi da hannunka, ka ɗaura a gaban mutanen da sunka ga ka kwance. In ya so ka taho da matarka. Ko zannuwana ne sai a kai kasuwa."

"To, Inna."

"Kada ka ce mishi na gaya maka."

"To."

"Tashi ka wanke fuskar nan, ka yi kama da gindin tukunya."

Ya miƙe ke nan zai ɗauki buta, waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya zaro ya duba.

"Wa ne ne?"

"Baba Tanko."

"To ɗauka mana."

"Inna, mi zan ce mishi?"

"Ɗauka na ce!"

Ya danna ya kai kunne.

"Baba, don girman Allah ka yi haƙuri, gobe da sassafe zan..."

"Habibu, saurara." Muryar na zuwa tana yankewa, iska na bugun wayar. A bayanta ana jin faɗuwar filafili cikin ruwa, da muryar wata mata tana ta salati. "Ba maganar kuɗi na kira ba. Naƙuda ta kama Ladidi tun bayan tahiyarka. Ungozoma ta duba ta ce ba aikinta ba ne, hannun ɗan ta taɓo. Mun sa ta cikin jirgina."

"Jirginka? A kira Usman! Jirgin Usman..."

Sai ya tuna maganar Usman. Lodin albasa. Wara. Sai gobe in Allah ya kai mu.

"Mu huɗu ke tuƙi da filafili," Baba Tanko ya ci gaba yana haki. "Jirgin ya yi mana nauyi, iska na mayar da mu baya. Ka nemi wanda zai ƙetaro da kai ka tarbe mu. Ka taho da farfelar, ka taho da sifanarka. Kana ji na?"

"Ina ji, Baba! Kuna ina? Saitin ina kuke?"

"Mun wuce ciyawar nan ta..."

Wata ƙara ta ratsa wayar. Muryar Ladidi ce, ko cikin barci ya san ta. Sai ɗif.

"Baba! Baba Tanko!"

Ya sake kira, ba ta shiga. Ya sake, ba ta shiga. Ya tsaya a tsakar gida da waya a hannu. Ɗigon farko na ruwan sama ya bugi kwanon ɗaki.

Inna ta riga ta miƙe, shinkafa ta watse a ƙasa. Ta sunkuci buhun da hannu ɗaya, ta danna masa a ƙirji, ta cusa masa sifanar a aljihu.

"Habibu!" ta ce, da sunansa, da dukkan muryarta. "Habibu, ruga!"